Tiyoyin birkin iska na tsohuwar motar soja: abin da agogon tafiya ba ya nunawa

Duk wanda ya sayi tsohuwar motar soja da aka yi gwanjonta a Turai ko Amurka, abu na farko da yake faranta masa rai shi ne agogon tafiya, domin sau da yawa yakan tarar motar da ta shekara 30 ko fiye ba ta yi tafiyar da tirelar siminti ta Kalambaina take yi cikin shekara biyu ba. Injin lafiya lau yake, giya ba ta kuka, shasi kuma bai rankwafa ba. Abin da agogon ba ya faɗa shi ne, roba da nailan ba da tafiya suke tsufa ba, da shekaru suke tsufa. Motar da ta daɗe a ajiye a barikin wata ƙasa mai sanyi, sannan aka sauke ta a Sakkwato inda zafin watan Afrilu yake haura digiri 40, tiyoyin iskarta ne farkon abin da zai gaza, tun kafin injin ya nuna wata alamar gajiya.

Tawa motar ƙirar Jamus ce, mai ja da ƙafa huɗu, kuma aikinta shi ne ɗauko albasa da shinkafa daga fadamun Wurno da Goronyo, inda hanyar take ƙarewa cikin rairayi da laka, wani lokaci kuma ta kai hatsi kasuwar Illela. Ra'ayina game da tiyoyinta ɗaya ne, kuma a kansa zan tsaya: tiyon birki ba a yi masa faci, canja shi ake yi, kuma da irinsa daidai ake canja shi, a kauri da tsawo da irin mahaɗin da yake ɗauke da shi.

Yana da kyau a fara da sanin hanyar da iskar take bi. Kwamfuresa da injin yake juyawa ita take zuƙo iska ta matse ta, ta tura ta cikin tankuna. Wani bawul mai lura da matsi yana dakatar da cikon idan iskar ta kai iyaka, wajen bar 8 a yawancin tsofaffin motocin Turai, ko PSI 120 zuwa 125 a na Amurka (bar da PSI duk ma'aunin matsin iska ne), sannan ya sake buɗe hanya idan ta ragu. Idan direba ya taka birki, bawul ɗin ƙafa yana sakin iska ta bi tiyo zuwa tukwanen birki da ke kusa da tayoyi, inda take tura faifan roba, shi kuma ya tura sanda, sandar ta buɗe lainin birki ya kama duram ɗin taya. Tukunya mai lamba 30 faɗin faifanta murabba'in inci 30 ne, saboda haka idan iska mai PSI 100 ta shige ta, ƙarfin turin ya kai fam 3,000, wato fiye da kilo 1,300 a ƙafa ɗaya. Duk wannan ƙarfi ta cikin tiyon da bai fi kaurin yatsa ba yake wucewa. Asalin dabarar daga jirgin ƙasa aka samo ta, tun lokacin da George Westinghouse ya yi mata rajista a Amurka a 1869, kuma sunayen kamfanonin da mai mota zai gani a jikin bawulolinsa, irin su Wabco da Bendix da Knorr, duk daga wannan tarihi suka fito.

Sai dai ba kowace motar soja mai tankin iska ba ce take da birkin iska zalla, kuma wajibi ne a tantance wannan kafin a ɗauki sifana. Motar Amurka M35, wadda ta fara aiki a 1950, iska tana taimaka wa man birki ne kawai, kuma a tsofaffinta layin man guda ɗaya ne, ta yadda idan bututu ɗaya ya fashe birkin duka ya tafi. Ita kuwa M939 da ta fito a 1982, birkinta na iska ne tun daga ƙafar direba har taya. A mota irin ta farko akwai bututun iska kuma akwai bututun mai, kuma matsin da ke cikin na mai ya ninka na iska sau da yawa, saboda haka tiyon nailan ba shi da gurbi a wannan ɓangare ko kusa. Akwai kuma batun irin man: sojojin Amurka man silikon mai lamba DOT 5 suke zubawa, wanda ba a gauraya shi da DOT 3 ko DOT 4 da ake sayarwa a shagunanmu.

Babban tarko a wannan aiki shi ne awo. Motar Amurka da inci aka auna tiyoyinta, ta Turai kuwa da milimita, kuma awon biyu sun yi kusa da juna har ido ba ya rabewa. Tiyo mai kwata na inci milimita 6.35 ne, ba 6 ba. Mai 3/8 na inci milimita 9.5 ne, ba 10 ba. Mai rabin inci milimita 12.7 ne, ba 12 ba. Idan aka cusa tiyon 3/8 cikin mahaɗin milimita 10, zai shiga, notin zai ɗauru, har ma ya riƙe iska a gareji, amma zoben da ke cikin mahaɗin bai cije shi yadda ya kamata ba, kuma ranar da motar ta ɗauki buhunan albasa ta shiga gargada, sai ya zame. Haka abin yake a haƙoran da ake murɗawa cikin jikin bawul. Na Amurka tsukakku ne, suna ƙara matsewa yayin da ake murɗa su, kuma haƙorin kansa ne yake toshe iska. Na Turai, irin su M16 da M22 masu tazarar milimita 1.5, miƙaƙƙu ne, zoben roba ko wosha ne yake toshe iskar. Wanda ya tilasta wani cikin gurbin wani zai ci haƙoran bawul ɗin, wanda galibi da alminiyam aka yi shi, ya mayar da gyaran 'yan kuɗi kaɗan ya zama neman bawul a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Ladipo ta Legas.

Mu masu motocin Turai muna da ɗan sauƙi a nan, domin tun da aka fara harhaɗa manyan motocin Steyr a Bauchi a ƙarshen shekarun 1970, da na Mercedes a Inugu daga 1980, hannun makanikanmu ya saba da milimita, kayanta kuma sun fi yawa a kasuwa. Amma tun da tirelolin Amurka suka yawaita a hanyoyinmu, tiyon inci da na milimita a shago ɗaya ake rataye su, wani lokaci ma a ƙusa ɗaya. Dattijon bakaniken da yake duba motata ba ya yarda yaro ya tafi sayen tiyo da baki kawai, sai ya yanko guntun tsohon ya haɗa shi da mahaɗinsa. Wata rana da aka kawo masa wani baƙin tiyo mai sheƙi, ya juya shi ya karanta rubutun jikinsa, ya ce da ni, "Alhaji, wanga na inci na, motakka kuwa ta milimita ta, a mai da shi." Na ce, "Baba, ai bambancin bai kai ƙwayar gero ba." Bai amsa mini ba, sai ya cusa shi cikin mahaɗin ya ɗaure, ya sa ƙarfi ya fizga, tiyon ya fito a hannunsa.

Rubutun jikin tiyo shi ne shaidarsa. Na nailan da aka yi domin birki yana ɗauke da SAE J844 idan na inci ne, ko DIN 74324 idan na milimita ne, na roba mai zare a ciki kuma yana ɗauke da SAE J1402. Tiyon da ba shi da rubutu ko kaɗan, ko wanda aka yi domin ruwa ko gas ɗin girki ko injin feshin fenti, ba na yarda a kusantar da shi ga motata komai arharsa. Na san jabu ma yana iya ɗaukar rubutu, shi ya sa nake lanƙwasa bakinsa in gani ko zai yi fari ko ya karye, in kuma duba ko kaurin bangonsa daidai yake a kowane gefe.

Kowane iri kuma da wurin da ya dace da shi. Bututun da ya fito daga kan kwamfuresa ba a yin sa da nailan, domin iskar da take fitowa a nan tana iya haura digiri 150, alhali nailan ɗin birki iyakarsa wajen digiri 93 ne. Wannan wuri na bututun jan ƙarfe ne ko na ƙarfe, ko tiyo na musamman mai saƙar waya a bayansa, kuma tsawonsa da lanƙwasarsa ba ado ba ne, an yi su ne domin iskar ta huce kafin ta isa bawul na farko. Wanda ya gajarta shi domin ya rage kuɗi zai riƙa ƙona robobin bawul ɗin bai san dalili ba. A cikin wannan bututu ne kuma baƙin man da kwamfuresa take tofarwa yake ƙonewa ya zama gawayi, ya tsuke hanya har tanki ya riƙa jinkirin cika. A jikin shasi, inda babu motsi, nailan ya wadatar. Daga shasi zuwa tukunyar birki kuwa, inda taya take hawa da sauka, sai tiyon roba mai zare, kuma a motar soja wannan tiyo yana bukatar sarari fiye da na motar kwalta, domin ƙafafunta suna sauka ƙasa sosai idan ta shiga kwazazzabo. A tayoyin gaba ana juya sitiyari har ƙarshe dama da hagu, a tabbata tiyon bai miƙe ba kuma bai goga taya ba.

Kafin a kwance komai, a tsayar da motar a wuri mai daidai, a sa waigi gaba da bayan taya, a kashe injin, a zubar da iskar kowane tanki har agogo ya sauka ƙasa. Akwai abu ɗaya da nake gargaɗin yaran gareji a kansa ko da sun ji haushina. Tukunyar baya mai hawa biyu tana ɗauke da ƙaton sifirin na birkin ajiya, wanda iska ce take danne shi yayin tafiya, kuma idan iskar ta ragu zuwa tsakanin PSI 20 da 45 sai ya saki kansa ya kama tayoyin. Ƙarfin wannan sifirin ya kusa nauyin tan guda. Akwai dogon noti da ake ɗaure shi da shi idan ana son jan mota ko cire tukunyar, amma buɗe wannan ɓangare da guduma da kurfi ganganci ne da yake iya kashe mutum nan take. Idan ya lalace, tukunyar gaba ɗaya ake canjawa.

Neman inda iska take zurarewa ba ya bukatar na'ura mai tsada. Ana cika tankuna, a kashe injin, a yi shiru a saurara, sannan a bi kowane mahaɗi da ruwan sabulu ana duba inda kumfa zai taso. Rabin layukan ba sa ɗaukar iska sai an taka birki, don haka dole wani ya zauna a kujerar direba ya danne shi yayin da ake bi ta ƙarƙashi. Ma'aunin da ake koya wa direbobin manyan motoci a Amurka yana da sauƙin riƙewa, kuma ni da shi nake aiki: mota marar tirela kada ta rasa fiye da PSI 2 a minti ɗaya idan ba a taka birki ba, ko fiye da PSI 3 idan an taka, kuma ƙararrawar gargaɗi ta yi kuka kafin iska ta sauka ƙasa da PSI 60, wato kimanin bar 4. Yawancin motocin da suke zuwa hannunmu an riga an cire wayar wannan ƙararrawa saboda ta dami wani direba, kuma mayar da ita shi ne aiki na farko da ya kamata a yi. Wani abin lura kuma shi ne, idan aka ji iska tana fita ta ƙofar shaƙar wani bawul, ba lallai ne shi ne mai laifi ba. Sau da yawa robar da ke tsakanin hawa biyu na tukunyar baya ce ta mutu, iskar ta biyo layi ta dawo ta fita ta nan, sai a canja bawul mai lafiya a bar ainihin ciwon.

Motar soja tana da wuraren yoyo da motar kasuwa ba ta da su. Akwai bakunan haɗa iska a gaba da baya, waɗanda aka tanada domin jan wata mota ko tirela, masu launin ja da rawaya a motocin Turai, ja da shuɗi a na Amurka. Robobinsu sukan bushe, murafensu su ɓace, zanzaro kuma ya samu wurin gina ɗakinsa a ciki, kamar yadda yake yi a duk ƙofar shaƙar da aka bari a buɗe idan mota ta daɗe a tsaye. Akwai layukan da suke kulle ƙafafu da sauya ƙaramar giya, akwai bakin hura taya, a wasu ma har abin share gilashi da iska yake aiki. A wasu kuma za a tarar da ɗan tulun da ake zuba sinadarin hana ruwa daskarewa a cikin layi, abin da yake da amfani a hunturun Jamus amma a Sakkwato ba shi da aikin yi sai ƙara yawan mahaɗan da za su iya yoyo.

A kan bawulolin Turai akwai lambobi da suke sauƙaƙa aiki ga wanda ya san su: 1 mashigar iska ce, 2 mafitarta, 3 ƙofar shaƙa, 4 kuma layin umarni. A bawul ɗin da yake raba iska gida huɗu, 21 da 22 su ne na birkin tafiya, 23 na birkin ajiya da tirela, 24 kuma na sauran kayan aiki. Amfaninsa shi ne idan gida ɗaya ya fashe, ya rufe shi ya tsare iskar sauran. A nan ne nake da saɓani da direbobi masu son ƙaho mai ƙara. Ba na hana kowa ƙahonsa, amma a ɗauko iskarsa daga 24. Wanda ya yanka layin 21 ya dasa mahaɗi mai baki uku, ya ja siririn tiyo marar suna zuwa saman rufi, ya ɗaura birkin motarsa ne a kan wannan siririn tiyo.

Wajen canjawa, layi ɗaya ake cirewa a mayar kafin a taɓa na biyu, domin tiyoyin Turai kusan duk baƙaƙe ne, kuma mutum yana iya rikicewa ko da ya ɗauki hoto da waya. Ana yanka sabon daidai tsawon tsohon, da wuƙa mai kaifi ko almakashin tiyo, a miƙe ba a karkace ba, kuma ba da zarto ba, saboda garin da zarto yake bari yana tafiya kai tsaye cikin bawul. Ba a ƙara kauri ko a rage, domin tsawo da kaurin layi su ne suke ƙayyade lokacin da iska za ta isa kowace ƙafa, kuma idan ɓangare ɗaya ya riga ɗaya kamawa motar za ta fizgi sitiyari. Ɗan bututun ƙarfen da ake cusawa cikin bakin nailan kada a manta da shi, zoben da aka taɓa matsewa kuma ba a sake amfani da shi. Farin zaren roba na masu gyaran famfo ba na son ganinsa a nan, domin guntayensa sukan tsinke su maƙale a bawul. Kafin a ɗaure bakin ƙarshe ana hura layin da iska ya fitar da duk abin da ya shiga.

Yadda aka shimfiɗa layin ya kai ingancinsa muhimmanci. A nisanta shi daga salansa da kuma akwatin batir, domin ruwan batir yana cin nailan. Duk inda zai ratsa huda a jikin shasi a sa masa zoben roba, a kama shi da maƙalai masu roba a ciki, ba da wayar ɗaurin ƙarfe ba, wadda take yanka shi a hankali. Kada a bar shi yana lilo ƙasa da shasi, domin a hanyar fadama karan gero da kututture da ƙaya duk suna jiran abin da za su kama. Mafi yawan hudar da na gani a motocin garinmu kuwa daga wurin mai walda ta fito, lokacin da ake ɗora bodin katako ko ƙara ƙarafan gefe. Tartsatsi ɗaya ya isa ya narka ƙaramin rami a nailan, saboda haka a rufe layukan da jiƙaƙƙen buhu ko faranti, ko a kwance su gaba ɗaya, kafin a kunna wuta.

Facin robar tif, wanda kowane yaron mota ya iya, yana iya fitar da mutum daga daji zuwa bakin kwalta a hankali, kuma ba zan ce ban fahimci wanda dare ya yi masa tsakanin Rabah da Wurno ba. Matsalar ita ce facin yakan zauna har damina ta wuce. Abin da ya fi shi muni shi ne naɗe tiyon da ya fashe a ɗaure shi da waya, a ci gaba da tafiya da ƙafa ɗaya babu birki. Mita biyu na kowane kauri, da mahaɗai miƙaƙƙu na awon motar, da wuƙa, ba su cika ƙaramin akwati ba, kuma da su ake yin gyaran gaskiya a gefen hanya cikin ɗan lokaci.

Yanayinmu yana cin wannan tsari ta fuska biyu. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, iskar da kwamfuresa take matsewa cike take da laima, wadda take zama ruwa a cikin tanki, ta rage wurin iska, ta sa tsatsa daga ciki, ta kuma wanke man da ke cikin bawuloli. A wannan lokaci kullum ake jan zaren ƙasan tanki bayan an tashi aiki, kuma a dubi abin da ya fito: ruwa zalla ba abin damuwa ba ne, amma ruwa mai kauri da baƙin mai yana nuna zoben kwamfuresa sun fara ci. Da hunturu kuma ƙura ce take shiga ta matatar iska idan ta yage ko ba ta zauna daidai ba, ta cinye waɗannan zobba, man ya biyo iska ya kumbura robobi. Wanda ya kula da matatar iska a watan Disamba ya rage wa kansa canjin bawul a watan Yuli.

Tsofaffin motocin soja da yawa ba su zo da na'urar busar da iska ba, tawa ma haka. Na riga na canja duk tiyoyin roba da na nailan, na mayar da ƙararrawar gargaɗi, na kuma toshe bakin haɗa iska na gaba da murfinsa na asali. Abin da ya rage shi ne bututun ƙarfen da ke tsakanin tankuna biyu na baya, wanda tsatsa ta fara ci a ƙarƙashin maƙalinsa, da kuma dasa na'urar busarwar tsakanin kwamfuresa da bawul mai raba iska. Baba ya ce a bari sai an gama kwasar albasa, amma a yi shi kafin ruwan farko ya sauka, kuma ya riga ya auna wurin da za ta zauna a jikin shasi, nesa da salansa.